Sitiyarin Hilda

Gona, hanyar Jeparit
4 ga Maris, 1996

Glenys,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da mijinki da yara kuna lafiya. Ni ƙalau nake, in ma akwai mai tambaya.

Ina sitiyarin Hilda? Kada ki ce mini ba ki sani ba. Ran Lahadi da kika zo da gasasshen rago kina "Baba, ci da zafinsa", yana jikinta. Ran Litinin na shiga rumfa na tarar da tarakta ba sitiyari. Kaji dai ba su ɗauka ba.

Kin fi kowa sanin Hilda ba da makulli take tashi ba. Sai an kunna risho a ƙarƙashin kanta har ƙarfen ya yi ja, a zare sitiyarin a cusa a cibiyar wilin gefe, a yi ta jijjigawa har ta yi tari ta kama. Kin ɗauke shi, kin mayar da ita tarin ƙarfe ke nan. Shekara shida na yi ina haɗa ta, tun ranar da na jawo ta daga gindin bishiya zomaye sun yi gida a ƙarƙashinta. Saura wata guda taron tsofaffin injuna na Ista, kuma shekara ashirin da biyu ni ke buɗe jerin gwanon. Ba 'yar da na haifa ce za ta zaunar da ni ba.

Ki turo shi a motar wasiƙu. Kada ki buga waya, kin san ba na ji.

Mahaifinki,
Clarrie Nuske

Ballarat
9 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yara na gaida Kaka.

E, ni na ɗauka. Yana bayan ƙofar ɗakina, na naɗe shi da tsohon bargo, ba abin da zai same shi. Ba zan turo ba.

Shekarunka tamanin da ɗaya, kai kaɗai a gona. Ka bari wani ya buɗe jerin gwanon bana, mu zo mu zauna tare da kai a inuwa mu yi kallo. Don Allah ka bar maganar a nan, kada ka sa in faɗi abin da ba na son faɗa.

Kana shan magungunanka?

'Yarka,
Glenys

Gona
14 ga Maris

Glenys,

Na ga takardarki. Gaisuwa ga yara, su ba su yi mini komai ba.

In zauna a inuwa! Da rigar sanyi a gwiwa, ko, ana miƙo mini shayi kamar gauro a gidan tsofaffi? Tun kina goyo nake tayar da irin wannan injin, ga yatsuna goma nan cif.

Na je wajen 'yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin injuna neman aron sitiyari. Mutum uku ke da irinsa. Ɗaya ya ce nasa ya tsage, ɗaya ya ce yana wajen surukinsa, na ukun ya tsaya yana kallon takalminsa. Na ce, "Stan, ɗago ka dube ni, wa ya riga ni zuwa?" Ya ce, "Clarrie, rabu da ni, ni dai matata na jira na." Ashe har su kin bi kin zuga. Kin tozarta ni a gaban mutanen da na koya wa riƙe sifana.

Na kuma san wanda ke kai miki gulmata. Maƙwabcina Merv ne. Haushina yake ji tun watan jiya, da na kama shi tsaye a bayan rumfata ciyawa ta ƙone ƙurmus har gindin bango. Sigarinsa ce, me kuma? A ranar da hukuma ta hana kunna wuta ko'ina saboda gudun gobarar daji, iskar arewa na kaɗawa. Na wanke shi tas, na ce, "Shekara arba'in ina ce maka wannan tabar za ta cinye mu, tsohon banza." Ya sunne hannu a baya ya wuce. Ban ƙara yi masa magana ba, ba kuma zan yi ba.

In ba ki turo kafin ƙarshen wata ba, zan sa maƙeri ya ƙera mini wani. Ke kuma kada in ga ƙafarki a Ista.

C. Nuske

Ballarat
19 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Na roƙe ka ka bari, ka ƙi, to ka ji.

Merv ya daina shan taba shekara uku da suka wuce, tun da aka yi masa aikin zuciya. Kai ka kai shi asibitin da motarka.

Kai ka kunna wutar. A ranar da aka hana, ka fito da Hilda bakin rumfa, ka kunna mata risho, ka shiga haɗa shayi, barci ya ɗauke ka a kujera. Ciyawa ta kama da wuta, Merv ya hango hayaƙi daga wajen tumakinsa. Da jiƙaƙƙen buhu ya kashe wutar, shi kaɗai, mai shekara saba'in da takwas. Rishon yana ci ya ɗauke shi da hannu ya fitar da shi daga ciyawar, ya kashe, ya mayar maka cikin rumfa don kada a gani. Sai ka fito kana zaginsa. Hannun da ka ce ya sunne, fatar tafinsa ce ta saluɓe.

Bai kawo mini gulmarka ba. Matarsa Dot ce ta bugo mini tana kuka, tana cewa, "Glenys, ni ke ba shi abinci a baki kamar jariri, ubanki kuma yana bin gari yana cewa ya ƙona masa gona." Merv ya ƙwace wayar ya ce, "'Yar nan, kada ki faɗa masa. Gara ya ji haushina da ya san kansa ya fara taɓuwa."

Da iskar ta juya, da gidansu ya tafi, da alkamar mutane har bakin titi. Risho huɗu gare ka, shi ya sa na ɗauki abin da yake guda ɗaya. Ina jin haushinka, Baba, ƙwarai da gaske, ina kuma jin tsoro. Ka ce kada in zo. Zan zo.

Glenys

Gona
25 ga Maris

Glenys,

Gaisuwa.

Na je gidan Merv. Na ce ya nuna mini hannun, ya ƙi, Dot ta kwance mini. Na bar musu rishon duka huɗu. Stan zai buɗe jerin gwano.

Har yanzu haushinki nake ji. Wata guda kuka bar ni ina yawo a gari kowa ya sani ban da ni.

Na zauna na yi ta neman ranar nan a kaina. Shayin na tuna. Rishon ban tuna ba, ko kaɗan.

Ki ɗauki takarda ki rubuto mini sauran. Me kuma na yi da ba a faɗa mini ba? Kada ki rage ko ɗaya.

Ki gaida yara.

Babanki