Hannun Rigar Lola a Jikin 'Yan Tsana

Azare,
Juma'a, 11 ga Yuli.

Zuwa ga Kellu, Umman Jannatu, sanyin idona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina tambayar lafiyarki da ta jaririyarmu Baturiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya wurin tiyatar? Ina fatan kina bin maganar likita, ba kya ɗaga ko da buta. Ki miƙa gaisuwata ga Inna da Baffa can Disina, ki yi mini godiyar ɗawainiyar da suke yi da ke. Mu nan lafiya ƙalau, ƙanwata Jamila tana aiko mana da abinci, Jannatu kuma ba ta fasa makaranta ba ko sau ɗaya.

Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda? Wayarki rabin rayuwarta a wurin mai caji take yi, abin da ke raina kuwa ba ya shiga minti uku. Sherif direba ya ce zai damƙa wannan a hannun Baffa. Ga abin da ya zo mini jiya:

Ranar da mota ta ɗauke ki,
Tsakar gidanmu ta yi faɗi.
Tuwo yana nan, miya tana nan,
Abin da babu shi ne daɗi.

Matan unguwa suna ta cigiyarki. Hajiya Asma'u ta tsayar da ni a hanya, ta ce ita ba za ta kai ɗinkinta ko'ina ba sai kin dawo, domin a Azare kaf ke kaɗai ce telar da ke mayar wa mutum ragowar yadinsa ko da bai kai tafin hannu ba. Na ji daɗi kamar ni aka yaba.

Yanzu ga babban labari. Gobe Jannatu take cika shekara bakwai, kuma kamar kullum za a haɗa bikinta da na Iyanu, 'yar maƙwabciyarmu Folashade, Maman Lola, a gidansu. Tun da kuka haife su a ɗaki ɗaya a asibiti, ba ki taɓa barin ranar ta wuce ba tare da kin ɗinka wa 'yan tsanarsu sababbin kaya ba. Ranar Litinin Jannatu ta tambaye ni ko yanzu da kika sami Baturiya za ki tuna da ita. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaya ne tana kallon ƙasa. Nan take na ƙudurta cewa bana ni zan yi ɗinkin.

Na shiga ɗakin ɗinkinki. Kwandon ƙyallayenki na tarar a hargitse, wasu har da ƙulli a gefe kamar an yi dambe da su. Na kwance kowane ƙulli, na sa dutsen guga, na jera su bisa launi, daga fari har zuwa baƙi. In kin gani sai kin yi murmushi. A ciki na sami ƙyalle biyu na leshi ruwan hoda mai ɗigon azurfa, tsayinsu ɗaya, yankansu ɗaya, sai ka ce don 'yan tsana biyu aka halicce su.

Kekenki ya ƙi ni. Sau uku zare yana cukurkuɗewa a ƙasa, sai na bar shi na koma ɗinkin hannu. Yamma huɗu na yi, daga la'asar zuwa magariba, lokacin da Jannatu ke Islamiyya.

Alƙalami ya san hannuna,
Allura ba ta san ni ba.
Na gaishe ta cikin ladabi,
Ta soke ni, ba ta amsa ba.

Duk da haka kowace 'yar tsana ta sami riga da zani da ɗan gwaggwaro. Na yanke shawarar in ce ke kika aiko da su daga Disina, domin yarinyar ta san tana ranki. Ƙaramar ƙarya ce, na kuma tabbata za ki yafe ta.

Ki huta lafiya. Naki har abada,
Najmuddeen.

Azare,
Talata, 15 ga Yuli.

Zuwa ga Umman Jannatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin wayi gari lafiya, ke da Baturiya da dukan mutanen gida. Ina roƙon kada ɓacin ran da na jawo ya taɓa miki jiki. Yau babu baiti. Na ɗauki alƙalami don shi, ya ƙi zuwa, kuma ya yi gaskiya.

Da kika kira ni ranar Lahadi kin kashe wayar kafin in gama bayani, ban kuwa ga laifinki ba. Na fahimci abin da kika faɗa. Ƙyalle mai ƙulli na mutane ne, amana ce da za a mayar ko a ƙarasa. Marar ƙulli shi ne wanda mai shi ya ce ki riƙe. Shekara goma sha ɗaya ina wucewa ta gaban kwandon nan ban taɓa tambaya ba. Na kuma fahimci cewa leshin nan biyu hannuwan rigar Lola ne, babbar 'yar Folashade, rigar da za ta sa ranar baikonta a Ogbomosho wata mai zuwa, kuma daga can aka kawo yadin. Amma akwai abin da ba ki sani ba tukuna, gara ki ji daga bakina.

Ranar Asabar an taru a gidansu, yara wajen goma sha biyu, an yi shinkafa da cincin. Na miƙa ƙunshin biyu, na ɗaga murya na ce saƙo ne daga Disina. Jannatu ta rungume nata tana tsalle, tana ce wa kowa Ummanta ba ta manta ba. Iyanu ta ruga ta nuna wa uwarta. Maman Lola ta karɓi 'yar tsanar, ta shafa leshin da babban yatsa, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce, "Malam, Kellu ce ta ɗinka wannan?" Jannatu tana riƙe da gefen rigata. Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce, "To, an gode," ta juya ta ci gaba da zuba wa yara abinci. Ni a lokacin na ɗauka kyan aikin ne ya ɗaure mata baki.

Jiya ta aiko Lola ta karɓi jakar ɗinkinsu gaba ɗaya. Yarinyar ko zama ba ta yi ba. Da yamma Jamila ta zo ta gaya mini abin da ake faɗa. Wai a rumfarta ta robobi a kasuwa, gaban mata uku, Maman Lola ta ce yau ta gane inda kayan 'yan tsana suke fitowa duk shekarun nan: a yanki yadinka, a yi wa 'yarka kyauta da shi, ka kuma yi godiya. Da safiyar yau mata biyu suka aiko a ba su atamfofinsu. Hajiya Asma'u ba ta aiko ba, amma da muka haɗu ta amsa gaisuwata a taƙaice.

Na zaga kasuwa layi-layi da guntun leshin a aljihu. Babu irinsa. Wani mai shago ya ce ko a Kano sai an dace.

Kin ce kin kira ta sau huɗu ba ta ɗauka ba, kin kuma ce ba ke kika yi ƙaryar ba, ba ke za ki warware ta ba. Haka ne. Abin da ya riƙe ni shi ne Jannatu. Tun Asabar da 'yar tsanar take kwana, ta kai ta makaranta a ɓoye cikin jaka. In na faɗi gaskiya a kasuwa, kafin la'asar Iyanu ta gaya mata. Sau biyu na kama hanyar rumfar, sau biyu ina kaiwa layin masu tumatir in juyo. Ban rubuta wannan don ki tausaya mini ba, sai don ki san irin mijin da kike da shi a wannan mako.

Ki gaishe da Inna. Mai neman afuwarki,
Najmuddeen.

Azare,
Juma'a, 18 ga Yuli.

Zuwa ga Kellu, wadda na fi kowa sanin darajarta yanzu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi da ya fara samun bakin magana. Yaya jiki, yaya Baturiya, yaya ruwan sama a wajenku? Nan shekaranjiya an yi mai ƙarfi har ya shiga zaure. Baffa da Inna ina gaishe su da kyau.

Na fara da Jannatu, domin ban so ta ji a bakin kowa ba. Ranar Laraba bayan ta dawo daga makaranta na zaunar da ita na gaya mata komai: cewa ni na ɗinka, cewa yadin na Anti Lola ne, cewa ana zagin Ummanta a kan abin da ba ta yi ba. Sai ta ce, "Ashe ba ta aiko da komai ba?" Na ce ciwo ne ya hana ki, kuma ko zama kan keke likita bai yarda ki yi ba. Ta shiga ɗaki. Na zaci kuka za ta yi, sai ga ta ta fito da rigar da zanin da gwaggwaron a hannu, ta tuɓe wa 'yar tsanar, ta naɗe ta da hankicina. Ta ce in mayar wa masu shi. Ba ta ci abincin rana ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyi a cikin lamarin duka.

Jiya Alhamis da hantsi na nemi izini a makaranta na tafi kasuwa. Na wuce layin masu tumatir ban kalli gefe ba. Na tarar da Maman Lola da mata biyar, har da Hajiya Asma'u tana taya bokiti. Na yi sallama, na ce na zo da magana, kuma ina so kowa ya ji, tun da a nan aka fara ta. Na faɗa musu tun daga kwandon har zuwa ƙaryar.

Maman Lola ta ce, "Malam, kowane miji zai faɗi haka don ya rufa wa matarsa asiri." Sai na ajiye 'yar rigar a kan tebur na ce ta juya cikinta. Ranar Asabar leshin ta kalla, ba ta kalli ɗinkin ba. Ta juya. Ta ɗaga ta sama kowa ya gani: wani ɗinkin kamar takuna, wani kamar takun Jannatu, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga ɗigon jinina a kalmasa. Hajiya Asma'u ta ce, "Wallahi ko da ƙafa Kellu ta riƙe allura ba za ta yi wannan ba." Wata ta ce a ba ni ɗinkin buhu in gwada, wataƙila can ne baiwata take. Aka yi ta dariya, na tsaya na sha, domin kowace dariya tana wanke ki ne.

Maman Lola ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane karatu, ka tsaya a tsakar gidana ka dube ni ka yi mini ƙarya, ka bar ni na ci naman ƙawata kwana biyar?" Na ce haka aka yi. Ta ce, "Ni ma bakina ya yi sauri." Ta juya ga matan ta ce abin da ta faɗa a kanki ta janye shi, duk wadda ta kai maganar wani gida ta koma ta kai wannan. Daga nan ta share ido da gefen zani, ta tambaye ni ko kina samun barci.

Na ari sunanki ban tambaya ba,
Na yafa shi na shiga taro.
Na dawo da shi duk ya yi dauɗa,
Ga shi na wanke, amma da tsoro.

Hannun rigar dai ya tafi, babu mai dawo da shi. Lola ta yi kuka, har yanzu in na gaishe ta kai kawai take ɗagawa. Uwarta ta ce ba ta yarda wani tela ya taɓa rigar ba. Za su jira ki, ki duba ko za a yi mata hannu da wani yadi mai taushi da zai hau da leshin. Ta ce za ta kira ki yau bayan sallar Juma'a, don Allah ki sa a karɓo wayar daga wurin caji. A cikin mata biyun da suka karɓi atamfofinsu, ɗaya ta dawo da tata da yamma. Ɗayar ta riga ta kai wani wuri.

Jannatu ta ci tuwo jiya. Ta ce in tambaye ki ko Baturiya ta fara gane mutane, in kuma gaya miki 'yar tsanarta za ta jira ki da hankicin. In kun gama magana da Maman Lola, ki kira Jannatu ita ma, ko minti biyu ne. Ba zan tsaya kusa ba.

Da zan bar rumfar, Maman Lola ta kira ni ta ce akwai sharaɗi ɗaya kafin ta mayar da jakar ɗinkinsu gidanmu, ta kuma faɗe shi gaban kowa. Na cika shi yau da safe, Lola ta tsaya shaida. Abin da kika ji yana motsi a ƙasan ambulan ɗin nan makullin ɗakin ɗinkinki ne; sharaɗin ke nan, in kulle shi kada in ƙara shiga. Ki riƙe shi a wurinki har ranar da za ki dawo.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya dawo mana da ke cikin aminci.

Mijinki,
Najmuddeen.