Sanduna Ashirin da Biyu, da Mutum Ɗaya a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban tsohuwar makarantarmu, wadda a zamaninmu Kwalejin Horon Malamai ce, yanzu kuma Kwalejin Ilimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa gare ka da iyalinka da malamai da ɗalibai, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba. Sunana Garba, tsohon ɗalibin makarantar nan ne, kuma sufeton makarantu mai ritaya. Shekarata ta huɗu ke nan a Dubai, a gidan ɗana Bashir da ke unguwar Al Muraqqabat, saboda wankin ƙoda da ake yi mini sau uku a mako. Mai ɗakina ta rasu kafin in taho. Bashir yana fita harkar kago, wato jigilar kaya, tun da safe, ni kuma ina wuni a bene na shida ni kaɗai da wayata. Na rubuta maka sau biyu ta hannun sakatarenka ban ji amsa ba, shi ya sa na rubuta wannan a fili. Maganata a kan ƙwallon gora ce, wato hoki, da kuma wani dattijo mai suna Malam Iro.

Na ɗaya. Kofunan da ke jere a bayan kujerarka, waɗanda nake gani a hotunan taro, galibinsu na ƙwallon gora ne. A shekarun da na yi a makarantar babu wata kwaleji a lardinmu da ta taɓa cin mu a filinmu. Idan motarmu ta shiga wata makaranta, ɗalibansu kan tambaye mu ko guda nawa muka zo zurawa yau, su huta da ƙirga. Ba don mun fi su kaya ba ne. Tsofaffin littattafan rubutu muke cusawa cikin safa don kare ƙauri. Filin marmara ne, mu muke share shi, mu ja masa buhu, mu zana layi da toka.

Abin da muka fi su da shi wata al'ada ce. Duk ɗan wasan da ya shiga ajin ƙarshe, dole ya zaɓi yaro ɗaya cikin sababbin shiga, a kira shi ƙanen fili. Shekara guda zai yi yana koya masa bayan la'asar: hannun hagu a sama, na dama a ƙasa, ba a taɓa ƙwallo da bayan sanda, ba a ɗaga sanda sama da kafaɗa. Ranar da zai bar makaranta sai ya kwance zaren mariƙin sandarsa, ya sassaƙa sunansa ƙarƙashin sunayen waɗanda suka riga shi, ya sake naɗewa, ya miƙa wa ƙanen. Tawa ta zo mini da sunaye biyar. Na sa na shida, na ba Iro.

Na biyu. Na bi yadda abin ya mutu, kuma ban ga wani mutum ɗaya da zan ɗora wa laifi ba. An ɗaga darajar makarantar, aka mayar da wasu darussa bayan la'asar. Yawancin ɗalibai suka koma kwana a cikin gari. Malamin wasanni ya yi ritaya, wanda aka kawo a madadinsa ƙwallon ƙafa kaɗai ya sani. Wata shekara 'yan ajin ƙarshe suka fita ba su zaɓi kowa ba, kuma babu wanda ya lura. Rabin filin yanzu wurin ajiye motoci ne. Ba mu kaɗai ba ne. Manyan abokan karawarmu biyu na wancan lokaci, na bincika, su ma yau ba su da ko ƙwallo ɗaya. Duk wannan ya faru kafin zuwanka, ban kuma ce kai za ka amsa shi ba.

Na uku. Wanda ya faru a zamaninka shi ne wannan. Hanyar da ake bi da ni asibiti tana ratsa gefen Muhaisnah, inda leburori suke kwana. Ranar hutunsu nakan ga mutanen Pakistan da Indiya a wani fegi mai rairayi suna buga kurket, wasan ƙasarsu, da guntun katako da ƙwallon da suka naɗe da salatif. Mutanen da suka yi kwana shida suna ɗaukar bulo. Kallonsu ne ya sa na roƙi Bashir ya kai ni wani shagon kayan wasa a Deira. Mai shagon, wani dattijon Pakistan, da ya ga yadda na karɓi sanda sai ya zagayo daga bayan kanta, ya ajiye ƙwallo a ƙasa, ya ce mini yalla, wato in gwada. Na tura ta sau biyu, numfashi ya ƙare, aka kawo mini kujera. A ranar na sayi sanduna ashirin da biyu, na ƙungiya biyu ke nan, da ƙwallaye shida da kayan mai tsaron gida. Suka bi kwantenar wani ɗan kasuwar Kano, suka iso hannunku a watan Sha'aban na bara.

An yi taron karɓa. Na ga hoton, kana riƙe da guda ɗaya, wasu ɗalibai suna riƙe da sauran. Daga nan shiru.

Bayan babbar Sallah wani ya sa bidiyon bikin yaye ɗalibai a zauren tsofaffin ɗalibai na waya. A bakin ƙofa masu gadi suna korar masu babura, kowannensu da sanda mai lanƙwasa a hannu. Na tsayar da hoton na ƙara girmansa. Sandunana ne. Da na tambaya aka ce masu gadi sun nemi abin riƙewa, mai kula da sito kuma yana da sanduna ashirin da biyu da ba wanda ya taɓa nema, sai ya ba su takwas. Ban ga laifinsa ba sosai. A wurinsa itace ne mai ƙwari da ke kwance a banza. Idan akwai wauta a nan, tawa ce, da na aika da itace na manta cewa itace ba ya koyar da kowa.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Malam Iro yana nan da rai, a unguwar da ke bayan katangarku. Ya yi shekaru yana koyarwa a firamare har ya yi ritaya. Iya sanina, shi kaɗai ya rage a garin wanda ya san wasan nan daga tushe. Na kira shi na roƙe shi, ya yarda zai koyar kyauta, yammaci biyu a mako.

Ya zo ƙofarku sau uku. Karo na farko aka ce kana taro. Karo na biyu aka ce ya rubuto takarda. Ya rubuta da hannunsa ya kawo, aka karɓa. Karo na uku ya jira daga azahar har la'asar a kan benci, sai wani sabon mai gadi ya ce masa, Baba, yau ba ranar sadaka ba ce, ka dawo Juma'a. Mai gadin yana riƙe da ɗaya daga cikin sandunan, ta wajen lanƙwasar. Da Iro yake ba ni labari dariya yake yi. Ya ce, Yaya, wallahi kamar lema ya riƙe ta, amma fa sanda ce mai kyau, na so ya ba ni in ɗan jinjina. Ni ban yi dariya ba, domin ni na aike shi.

Iro ya haura saba'in da biyar. Yana da yanar ido a na dama, na hagun ma ya fara. Ya gaya mini har yanzu yana ganin farar ƙwallo a kan jar ƙasa idan da sauran rana, amma ba shi da tabbacin baɗi. Ba a koyon wannan wasa daga littafi. Sai wani ya tsaya a bayanka ya gyara maka hannu. Idan idonsa ya rufe kafin ya gyara hannun ko da mutum ɗaya, to, a garinmu abin ya ƙare, ko da an cika sito da sanduna.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe.

A ba Malam Iro izinin shiga a rubuce, a kuma sanar da masu gadi sunansa.

A ba shi rabin filin da ya rage, Litinin da Alhamis bayan la'asar, da sanduna goma sha huɗun da ke sito. Takwas ɗin da ke hannun masu gadi a bar musu, sun riga sun saba da su.

A yi sanarwa ga 'yan shekarar farko cewa duk mai so ya zo. Kada a tilasta wa kowa. Ban nemi a kafa kwamiti ba, ban nemi a sa sunana a ko'ina ba, ban kuma sa ran wani kofi ba. Idan mutum huɗu suka zo, ya isa, muddin kowannensu zai zaɓi nasa ƙanen kafin ya fita.

Likita bai yarda in yi doguwar tafiya ba, don haka ba ni da ikon zuwa in tsaya a gabanka. Abin da nake da iko da shi kawai shi ne in sake aiken Iro, kuma har yau bai taɓa ce mini a'a ba. Na ce masa ya je ranar Litinin mai zuwa, da an idar da la'asar. Gajere ne, fari, yana ɗan jan ƙafar hagu, zai zo da buhu guda da kwanon toka. Ya ce idan an sake mayar da shi kada in ƙara roƙonsa, ni ma na yi masa alkawarin ba zan ƙara ba.

Allah ya yi maka jagora a kan wannan amana, ya ba ka lafiyar ɗaukarta, ya shirya maka zuriya, ya jiƙan iyaye da malaman da suka rigaye mu. Allah ya sa idan ka tsufa ka sami mai buɗe maka ƙofa.

Wassalam.

Naka,
Garba, tsohon ɗalibi,
Al Muraqqabat, Dubai.