Sunan Babana Ba Ya Cikin Takardar Da Zan Karanta

Admin don Allah a ɓoye sunana. Assalamu alaikum 'yan uwa, ina yi wa kowa fatan alheri, Musulmi da Kirista. Don Allah ku ba ni shawara, saura kwana tara a yi wani taro a garinmu, kuma duk ta inda na juya maganar sai na ga zan karya zuciyar mahaifina da bakina. Sunayen da za ku gani na canza su, garin ma ba zan ambata ba, a gefen Minna yake.

Bara aka ba yankinmu sabuwar ƙaramar hukuma, aka yanko mu daga tsohuwar da muke ƙarƙashinta. Wanda bai zauna a irin wurinmu ba ba zai gane daɗin da muka ji ba. A da, takarda ɗaya za ta sa ka yini a hanya, ka isa a ce mai sa hannu ya fita, ka dawo gobe. Babana, Malam Sule tela, yana cikin waɗanda suka fara neman a ba mu tamu, tun ina firamare. Shi da amininsa Baba Yohanna, wani manomi da gidansa ke kallon namu, su ne suke hawa tsohon babur ɗin babana suna bin ƙauyuka, ran kasuwar Beji kuma su kafa benci a gindin bishiya suna roƙon mutane su dangwala hannu a takardar koke. Takardun a cikin akwatin ƙarfe yake ajiye su, ƙarƙashin keken ɗinki, ko mu 'ya'yansa ba ma taɓawa. An yi masa dariya har ta ishe shi, 'yan majalisar ƙofar shago suka sa masa suna Ciyaman don tsokana, Inna kuwa kullum mitarta ita ce ɗinkin mutane ya taru shi yana yawon neman gwamnati. Ranar da aka yi sanarwar a rediyo na ga abin da ban taɓa gani ba, Baba ya kifa kansa a kan keke yana kuka, daga nan ya tashi ya yi alwala ya yi nafila.

Sai dai akwai abu ɗaya game da mu. Kakana Garba aikin reluwe ne ya kawo shi Minna yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan ya mutu, kabarinsa yana makabartar cikin Minna. Baba a Minna aka haife shi, bai san garin asalin mahaifinsa ba, in ka ce ya koma gida bai ma san motar da zai shiga ba. Ya fi shekara arba'in a wannan garin namu, ya auri Inna 'yar asalin wurin, yana jin yarensu har ya yi musu ba'a da shi. Ni dai har na girma ban taɓa jin wani ya kira mu baƙi ba.

Watannin farko na sabuwar hukuma abin dariya ne da tausayi. Wani tsohon gidan haya aka mai da sakatariya, teburin ciyaman daga makarantar firamare aka aro shi, ma'aikata uku suna karɓa-karɓa da kujera ɗaya, hatimi bai iso ba sai da aka yi wata biyu, awaki suna shiga ofishin kansiloli su fito babu mai ce musu kanzil. Baba ya ga tagogi a buɗe rana tana dukan mutane, ya je Sauka Kahuta a Minna ya sayo yadi, ya ɗinka labule tun daga ofishin ciyaman har ɗakin masinja, ya je da kansa ya rataya, ba wanda ya sa shi. Har yau su ne a jikin tagogin, kullum sai na gan su.

Da aka fara ɗaukar ma'aikata na kai takarduna, don na yi difloma kuma na iya kwamfuta. Aka ce sai da takardar indijin ta sabuwar hukuma, wato shaidar cewa ni 'yar asalin yankin ce. Na je ofishin da ke bayarwa, sai aka nuna min ƙa'idar da kwamitin dattawa ya kafa, wai sai wanda yake da gonar gado a yankin ko kabarin kakansa na wajen uba. Mu ba mu da ko ɗaya. Na koma tsohuwar sakatariya, suka ce ai garinku ya fita daga hannunmu, ki koma can. Na dawo gida ban gaya wa Baba ba, don a lokacin yana kan ɗinkin labulen nan yana waƙe-waƙensa, na rasa ta inda zan fara. Inna na gaya wa, ita kuma ta kai ni wajen yayanta Kawu Bawa, ya ce abu mai sauƙi, ɗan 'yar uwa ai ɗa ne, in rubuta sunansa a gurbin sunan uba. Na riƙe fom ɗin kwana uku ina kallo, a na huɗu na rubuta Bawa a inda ya kamata in rubuta Sule. Ba wanda ya kama hannuna, ni na rubuta, kuma aka ɗauke ni.

Wallahi ranar da na kawo masa labarin samun aikin, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya bi majalisa ɗaya bayan ɗaya yana cewa ga shi nan, masu cewa wahalar banza yake yi su zo su gani, 'yar tela tana aiki a hukumar da ubanta ya nemo. Tun daga ranar, kullum in na taso aiki, a mahaɗar hanya nake cire katin shaidar aiki da ke wuyana, mai ɗauke da sunan Bawa, in tura can ƙasan jaka. Wata tara ke nan ina wannan ɓoyon. A ofis kowa ya san 'yar wace ce ni, gari ne ƙarami, amma kowa ya kama bakinsa saboda ba ni kaɗai na yi haka ba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Za a yi bikin cika shekara ɗaya, za a kafa kanofi a filin makaranta, a karrama waɗanda suka yi gwagwarmayar samo hukumar, a kira kowa da sunansa ya fito ya karɓi takardar yabo. Makon jiya sakataren kwamitin bikin, wanda shi ne ogana, ya miƙo min jerin sunayen in buga. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake dawowa daga ƙasa zuwa sama, na juya bayan takardar ko akwai ci gaba. Akwai Baba Yohanna, akwai Kawu Bawa da bai taɓa bin su ko ƙauye ɗaya ba, har da mutum biyu cikin waɗanda suka raɗa wa Baba sunan Ciyaman. Babu Malam Sule. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka na buga takardar hawaye yana ɗiga a kan madannai, na fitar da ita a firinta na kai masa.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko mantuwa aka yi. Bai yi min tsawa ba, mutumin kirki ne a nasa, ya ce in rufe ƙofa in zauna. Ya ce babu wanda bai san wahalar Malam Sule ba, shi kansa a wajensa ya dangwala hannu a takardar koke, amma dattawa sun zauna sun ga in aka kira shi cikin iyayen hukuma, gobe duk jikokin 'yan reluwe za su zo neman takardar indijin su kafa hujja da shi. Na ce to a kira shi a matsayin baƙon da ya taimaka mana, ko shi ma wani abu ne, ya ce an kawo wannan shawarar an ƙi. Da na matsa sai ya tuna min a hankali cewa fayil ɗina yana nan, kuma in aka fara tone-tone ba ni kaɗai zan tafi ba, har Kawu da ya sa min hannu. Ina shirin fita ya ƙara da cewa ni aka zaɓa in karanta sunayen a lasifika ranar, wai duk ofis Hausata ta fi fita. Hausar da na koya a bakin mutumin da suka cire.

Ke nan ranar taron abu biyu Baba zai ji a gaban jama'a. Mai gabatarwa zai kira ni in fito, zai haɗa sunana da na Bawa. Sannan in karanta sunaye har in kai ƙarshe, shi yana zaune yana jira.

Na je wajen Baba Yohanna a gona na faɗa masa komai, har da maganar fom. Ya dogara da fartanya ya ce, “Yarinya, babanka ya fi mu duka wahala a wannan abu. In ba a kira shi ba, ni ma ba zan tashi ba, ko sau goma kika kira ni.” Na ji daɗin maganar, amma zamansa ba zai sa sunan Baba a takarda ba. Shi ra'ayinsa in gaya wa Baba tun yanzu, ya ce namiji ne, gara ya ji a ɗakinsa da ya ji a fili. Inna kuma ta ce sam, mutumin da ke fama da hawan jini ba a yi masa haka, a bari ranar ta ƙirƙiro wani uzuri, ko gaisuwar rashin lafiya a cikin Minna, ta janye shi. Na ce mata ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk garin za su dawo da labari. Ta ce ai ni na fara haƙa ramin, na ce ita ta nuna min wurin, muka yi musayar maganganun da ban taɓa yi da ita ba, yau kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban kyauta mata ba, na sani, don ita ma tsoro ne yake cin ta.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru har na rubuto muku ya faru jiya da la'asar. Na biya ta shago in gaishe shi, na tarar ya baje wata farar shadda yana yi wa wuyanta aiki. Baba ya fi shekara goma bai ɗinka wa kansa sabuwar riga ba, kullum na mutane ne a gaba, ko da Sallah tsohuwa yake wankewa. Ya ce ta ranar taro ce. Ya jawo wata leda ya miƙo min, atamfa ce ya ɗinka min ba tare da ya auna ni ba, ya ce ya san awon 'yarsa da ido. Ashe labari ya kai masa cewa ni zan karanta sunaye. Akwatin ƙarfen nan ma ya fito da shi ya goge, wai zai kai ya damƙa wa ciyaman a ajiye a sakatariya don 'yan baya.

Ina tsaye riƙe da ledar ya ce, “Uwata, in kin zo kan sunana kada ki yi sauri, kin san kunnen nan na hagu ya fara nauyi. Kuma ki haɗa da na mahaifina, ki ce Sule Garba. Shi bai ga wannan rana ba, amma a ji sunansa sau ɗaya a garin nan.”

Na ce to, Baba. Wallahi abin da na ce ke nan, to. Na fita na zagaya bayan shago na yi kuka har mai sayar da masara ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

'Yan uwa, gaba kura baya sayaki. In na karanta takardar yadda take, na ci gaba da aikina, amma ban san da wane ido zan ƙara kallonsa ba. In na ƙara sunansa da bakina a lasifika, zai tashi da farar rigarsa ya nufi gaba, a rasa takardar yabon da za a miƙa masa, ni a kore ni, Kawu ya shiga matsala, wasu ma da suka yi irin nawa su tafi ta dalilina. In na ce ba ni da lafiya na ƙi zuwa, wani zai karanta, Baba dai zai zauna har a tashi bai ji sunansa ba, ni kuma ina gida na ɓuya. In kuma na zaunar da shi na gaya masa tun yanzu, dole in haɗa da maganar fom, don ba zan faɗi laifin dattawa in ɓoye nawa ba, ni na riga su cire sunansa. Rana ba ta ƙarya, tana ta matsowa, ni kuwa ko abinci ba ya shiga.

Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma bayan zagin ku faɗa min abin yi. Musamman iyaye maza da ke cikin wannan zaure, ku sa kanku a matsayinsa ku gaya min gaskiya, wanne zai fi muku sauƙi, ku ji daga bakin 'yarku a cikin shago, ko ku ji a fili? Kuma in zan gaya masa, da wace kalma zan fara? Don yau da safe da zan fito ya leƙo ta tagar shago ya ce in dawo da wuri, yana so in tsaya daga bakin ƙofa in gwada kiran sunan, ya ji ko zai jiyo daga nesa.