Mutum Nawa ne a Ciki

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan jiki lafiya. Umma tana nan tana ɗinkinta, 'yan biyu kuma sun zubar da haƙoran gaba a sati ɗaya.

Gwaggo, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Umma. Na ɗauki wata takarda a aljihun Baba, yau kwananta goma a cikin littafina na makaranta. Kin san ni, ko gishiri aka aike ni saye sai na yi ta maimaitawa a hanya kafin in iya buɗe baki, shi ya sa na ga gara in rubuta miki.

Tun wata gobara da suka je kashewa wata biyu da suka wuce Baba ya canza. Ba shi ya ba mu labari ba. Kawu Dogo, direban motarsu ta kwana-kwana, shi ya gaya wa Umma a bakin ƙofa, ina wanke-wanke ina ji. Ya ce a aikinsu, da sun isa, kafin ma a ja tiyo, tambayar farko ita ce mutum nawa ne a ciki. Ranar maƙwabta suka ce huɗu. Baba ya shiga ya fito da huɗu cif. Sai da wuta ta mutu aka tuna akwai wata yarinya baƙuwa da ta zo hutu gidan.

Tun daga ranar Baba yake ƙirga mu. In ya dawo aiki ba ya cire takalmi sai ya nuna mu da yatsa, Umma, ni, 'yan biyu, ya ce huɗu, sannan ya sake daga farko. In ɗaya tana banɗaki sai ya tsaya a ƙofa har ta fito. Shi da yake tsokanata yana ce mini rediyo marar batir, yanzu shi ne ba a jin muryarsa. Abinci kuwa sai dai ya juya cokali ya ture.

Ranar Asabar ta makon jiya da safe ina goge masa kaki, aka kira ni, na manta dutsen guga a kan rigar. Ƙauri kawai ya ji. Gwaggo, ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ya suri 'yan biyu, ɗaya a kowane hannu, ya tura ni da Umma har titi ba ko takalmi. Ya ƙirga mu huɗu, amma ya yi ta ihu wai saura ɗaya a ciki, ya koma da gudu yana buɗe ɗakuna yana leƙa ƙarƙashin gado. Mutane suka taru. Da ya fito ya zauna a dakali, bai ko yi mini faɗan rigar ba. Da ma dukana ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A aljihun rigar nan na samu takardar. Daga ofishinsu take. Wai akwai wata mata da ta karanci irin wannan damuwa, tana zama da ma'aikata duk ranar Alhamis da yamma. Na taɓa jin Baba yana ce wa Kawu Dogo shi ba mahaukaci ba ne, kuma da sunansa ya shiga can za a sauke shi daga mota a ba shi gadin ƙofa. Kawu Dogo ya ce shi sau uku yana zuwa, ga makullin mota har yau a aljihunsa, kuma gadin ƙofa ai ya fi a ɗauko mutum a makara. Baba ya tashi ya bar shi. Umma kuwa cewa take mu rufa wa kanmu asiri, zai wuce. Amma ranar Litinin aka ce ya sake komawa cikin wani shago yana ci da wuta bayan an fito da kowa, sai da mutum biyu suka janyo shi.

Don Allah Gwaggo ki kira shi. Ke kaɗai ce in kin ce masa zauna yake zama. Kada dai ki ce ni na faɗa.

A bayan takardar an rubuta cewa iyali ma suna iya zuwa, ko da ma'aikacin bai zo ba. Akwai wurin da aka tambaya ko mutum nawa ne a gidan. Na fara rubuta huɗu, don shi kunnena ya saba ji, sai na lura Baba bai taɓa sa kansa a ƙirgen ba. Na goge na rubuta biyar. Jibi Alhamis, in an tashi makaranta, zan kai ta da kaina. Na rubuta abin da zan faɗa a tafin hannuna, ko da bakina zai ƙi buɗewa.

Ki gaishe mini da Baffa, da Yaya Babba da jaririnta, da Inna ta ɗakin baya. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Shiru-shirunki