Tarwaɗar Ciyaman a Rafinmu

Kawu Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya Anti Saratu da yara? Ina fatan ruwan Fatakwal bai matsa muku ba. Mu nan Kamazou lafiya lau.

Kawu, 'yan kifayen nan masu jan wutsiya da kake nuna mini a rafin bayan gidanmu sun kusa ƙarewa. Malamarmu ta bayoloji ta ce ba kowane rafi ke da su ba, ta roƙi manyan unguwa su taimaka.

Sai ciyaman ɗin unguwa ya ce shi zai ceci kifi. Ranar Asabar ya zo da babbar riga da mai ɗaukar hoto, ya juye bokiti uku na tarwaɗar kiwo cikin rafin, aka yi ta tafi. Tarwaɗa fa, Kawu, wadda ƙananan kifi ne abincinta.

Ka san ni da kunya, amma na durƙusa na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, kifi ai kifi ne. Waɗannan naki ko miya ba sa yi." Mutumin da ko takalminsa bai bari ya jiƙe ba.

Da suka watse na kwashi masu jan wutsiyar guda tara da rariyar Mama, suna cikin baho a inuwa. Ka rubuto mini abin da zan ba su, don biyu ba sa motsi sosai. Ka gaida kowa, ka sa kifayen cikin addu'a. Ta ciyaman kuwa, masu tafinsa su yi masa.

'Yarka,
Rahila