Buhunan Kawu Hamidu

Maraɗi, 20 ga Nuwamba, 1973

Zuwa ga yayana Maman Lawali, a Kwatano.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a nemanka. Mu nan Sabon Gari lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida.

Yaya, na sami takardarka kan injin ɓarar gyaɗa da kake son aiko mana. Ka dakata, ka ji abin da na gani. Ka san ruwa ya ɗauke tun gyaɗa na fure. Duk da haka gonar Kawu Hamidu ta Jiratawa, wadda ke fara cika mana mangaza, ɗakin ajiyarmu, kowace shekara, ta yi kore shar, har mutane na zuwa kallo. Ranar tono na je. Kowane gindi ya fito da 'ya'ya jingim. Na ɗebi tafi guda na girgiza a kunne, ban ji komai ba. Na fasa ɗaya, na fasa goma, na fasa har yatsuna suka yi zafi: ɓawo ne lafiyayye, ciki wayam. Masu aiki suka ajiye fartanya ɗaya bayan ɗaya, suka watse ba sallama.

Kawu bai tsaya ba. Shi kaɗai ya tone gonar, ya shanya, ya ɗura, ya ɗinke bakin buhu goma sha huɗu. Inna Tsahara, matarsa, ta ce mini kullum da hantsi yana zama cikin buhunan yana kasa kunne, wai yana jin ƙwaya na motsi. Ran Juma'a ya kawo su Maraɗi bisa jakuna biyu, jakunan na tafe kamar ba kaya. Ya ce in auna. Na ɗora buhu, allurar ma'auni da ƙyar ta gusa. Ya dube ni da murmushi, ya ce ƙwayar tana ciki, kunya take ji, in bar ta cikin duhu za ta dawo.

Ban iya musa masa ba. Na karɓa, na ba shi hatsin da muka ajiye na gida, ya koma yana sa mini albarka. Buhunan na nan a mangaza. Ɓerayen da suka dame mu shekara da shekaru ba su taɓa ko ɗaya ba. Sun bar ɗakin gaba ɗaya. Jiya na kama kaina tsaye a ƙofa ina saurare.

Don haka ka bar maganar inji. Ka aiko da masara a motar kamyon ta farko da za ta hauro, da irin shuka in ka samu, don na bara mun fara ci.

Inna na gaishe ka, da Zalihatu, da Maliki na Tsibiri. Ka gaida Safiyatu da yara. Ka sa Kawu a addu'a, ni ma ka sa ni.

Ƙanenka,
Ilyasu