Tsagar Kitso da Hular Rabi

Laraba da dare, Zongo

Yatsuna sai zogi suke, amma raina fes.

Da rana Rabi, 'yar ƙanwata, ta dawo daga kasuwar Missèbo tana huci. Hular nan tasu ta jami'a, mai ƙananan maɓallai da ke auna aikin ƙwaƙwalwa mutum na cikin harkarsa, ta ƙi aiki a kan mata. Wai dole sai maɓallan sun taɓa fatar kai, gashinmu kuma ya tare. Malaminta ya ce a bar matan kawai, a auna maza masu aski. Abin ya ba ni haushi. Wato duk basirar kasuwar nan a kan maza take?

Na ce ta miƙo hular. Na jujjuya ta, sai na ga ashe maɓallan layi-layi suke. Na kira maƙwabciyata Hajiya Mairo mai atamfa, na tsefe mata shuku, na yi mata sabon kitso, na bi kowane layin maɓallan da tsaga. Sau biyu ina warwarewa. Ita kuma sai mita take, kar a kwashe mata sirri.

Rabi ta ce, "Hajiya, ba ta karanta zuciya."

Muka ɗora wa Hajiya hular, ta ɗaura kallabi a kai. Alamun da ke kwamfutar Rabi suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Rabi ta jima tana kallo, sannan ta ce, "Inna, za ki iya yi wa mata shida gobe?"

Tun ina yarinya ake min gorin ban yi lekol, wato boko, ba. Gobe dai jami'a sai ta jira in gama kitso.